Daushen Cakulan da Kujerar Makka

Ni Tanimu mai goro na Tudun Wadan Zariya, ina so duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya sani tun daga layin farko cewa babu wanda ya yi mini sammu. Ba maye ne ya kama ni ba, ba iska ba ce, ba kuma bakin mutane ba ne kamar yadda yayata Hansai take ta faɗa har yau. Da hannuna na reni ciwona. Kwana arba'in ina yayyafa masa ruwa safe da yamma, ina lulluɓe shi da ganye, har da bismilla. Da ya girma ya isa, na tara jama'a na cinye shi a gabansu.

Karatuna na boko wata biyar ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma don malamin yana son goron teburina ne ya haƙura da ni. In kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake tafiya tun da ya tashi daga jinya.

Shekara talatin da wani abu ina da teburin goro a bakin hanyar da ta nufi makarantar Kongo. Shekarar nan da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da na baya, garin nan ya rikice da daɗi. Masinja ya sayi babur. Mai share ofis ya sayi rediyo mai cin batir shida. Akwai wanda ya sayi firji alhali gidansa babu lantarki, yana ajiye huluna a ciki. Ɗana Sani, da yake akawu ne, shi ba babur ya saya ba. Ya zo gida ya durƙusa ya ce, "Baba, na biya mana kujera biyu. Ni da kai za mu Makka bana."

Jama'a, ranar ban iya cin tuwo ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa ina kiran kaina, "Alhaji Tanimu! Alhaji Tanimu!" ina amsawa, don in ji yadda zai zauna a kunne. Matata Asabe ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, da wa kake magana?" Na ce da wani babban baƙo ne, yana nan tafe.

To, a wannan shekarar ce cakulan ya shigo mana gari da ƙarfinsa. Da can sai a kantin Turawa. Yanzu kuwa ɗaliban Kongo da 'yan akawu, waɗanda da suke tsayawa a teburina su sayi goro su kai wa iyayen 'yan matansu, sai na ga suna wuce ni suna shiga kantin Emeka da ke tsallaken titi. Emeka Inyamuri ne, ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe kantinsa, ya sa firji mai gilashi. Su fito da wani abu cikin takarda mai ƙyalli, suna riƙe da shi kamar laya.

Labarinsa kuwa kowa da nasa. Wani ya ce yana ƙara jini. Wani ɗalibi ya rantse mini cewa yana buɗe kwanya, in ka ci kafin jarrabawa amsa da kanta take zuwa. Wani tsohon soja ya ce shi ake ba Turawan soja a daji, ƙwaya ɗaya mutum ya yini yana tafiya. A masallacinmu kuma wani ya ce akwai man alade a ciki, har aka aika aka tambayi malamai a cikin birni, suka ce a kawo su gani, aka kai, ba a dawo da ko takardar ba. Daga nan maganar alade ta mutu.

Wata rana na tsallaka titi na ce, "Emeka, ba ni abin nan da ya kwashe mini 'yan ciniki in ga fuskarsa."

Ya ɓare ɗaya, irin mai ɗan biskit a ciki, ya miƙo mini da sanyinsa.

Kai! Ni da na saba da goro, wanda yake fara maka da ɗaci sai ka sha ruwa sannan zaƙi ya biyo baya, sai ga wani abu da ya juya lamarin. Zaƙi ne ya fara sallama, ya shimfiɗa tabarma a kan harshe, ya narke ba tare da haƙori ya yi aikin komai ba, can a ƙarshe sai ga ɗan ɗaci ya leƙo kamar mai jin kunya. Na tsaya a tsakiyar kanti idona a rufe. Emeka ya ce, "Baba mai goro, lafiya?" Na ce, "Yi shiru, ina ganawa."

Da na buɗe ido na tambaye shi da me ake yin sa. Ya ce da 'ya'yan wani itace ne, koko, ba kokon da ake sha da ƙosai ba, wanda ake nomawa a ƙasar Yarabawa. Ana kai wa Turawa su niƙa su zuba madara da sukari su dawo mana da shi. Nan take na tuna. Da ina saurayi na bi fataken goro zuwa Kurmi, na ga itacen da idona, 'ya'yansa manne a jikin gindinsa, kuma a gona ɗaya yake da itacen goro, inuwa ɗaya, ruwa ɗaya. Na buga cinya na ce, "Ashe ɗan'uwan goro ne! Makarantar Turawa kawai ya shiga."

A nan hankalina ya bar ni. Duk mai goro ya san sabon goro ba ya kai daushe daraja. Daushe shi ne goron da aka adana aka yi ta renonsa. Kullum ka warware huhu, wato ƙunshin goron, ka tsince wanda tsutsar sankara ta taɓa, ka sake masa ganyen fita, ka yayyafa ruwa, ka rufe da buhun algarara ka ajiye a inuwa. Sai ya yi watanni ya kwanta, ya yi gardi, manya su zo suna nemansa da suna. Na ce a raina, Turawan nan sun iya niƙa amma ba su iya reno ba. Ni ne zan zama mutum na farko a duniya da ya yi daushen cakulan.

Na ɗauki kwali guda a wurin Emeka. Ya ce, "Baba, abin nan ba ya son zafi fa. Ina firjinka?"

Na ce, "Tun kafin a haifi wanda ya ƙera firji muke sanyaya goro."

Na cire musu takardun nan masu ƙyalli duka, don kayan marmari yana son ya sha iska. Na jera su cikin ganyen fita, na yayyafa ruwa, na ɗaure huhu. Ruwan kuwa daga tsohuwar rijiyar da ke bayan teburina ne, kusa da kwata. Ba mai shan ta. Ni ma ganye kawai nake jiƙawa da ita, goro kuma fatarsa ba ta shan ruwa, mai saye ya goge ya kankare ya ci. Ban tsaya na yi tunanin cewa wannan ɗan'uwan nasa ba shi da fata ba.

Ana saura 'yan kwanaki azumi na ɗaure shi. Duk watan azumi ina ba shi ruwa ni ina jin ƙishirwa. Ya yi laushi, ya manne da juna, ya fara fitar da wani farin gashi. Na ce alhamdu lillahi, furfura ce, girma ya zo. Da kore ya fara bayyana na ce wannan rinin ganye ne.

Kwana uku bayan ƙaramar salla na kira majalisa. Akwai Emeka, akwai 'yan zaman teburina, akwai Ilu wanzami, Bakano ne abokin wasana, shekara ashirin muna zagin juna kullum safiya. Na warware huhu a gabansu kamar mai buɗe kayan lefe.

Emeka ya ja da baya ya dafe kai. "Baba, me ka yi wa kayana?"

Ilu ya sunkuya ya sansana ya ce, "Bazazzagi, wannan ai wanka da likkafani yake buƙata." Ya gutsuri kaɗan da tsinke ya jefa wa wata akuya da ke wucewa. Akuyar nan da na sha gani tana cin kwali da tsumma, ta sansana, ta dube ni, ta yi gaba.

Aka fashe da dariya. Da ba a yi dariyar nan ba da ƙila na tsira. Na ce, "Akuya da Bakano ina suka san kayan manya?" Na ɗauka na ci. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi bangon rijiya an barbaɗa masa sukari. Na haɗiye na ce, "Gardi!" Na ƙara. Guda bakwai na ci ina lumshe ido, don kada Ilu ya samu abin faɗa. Abin da nake gode wa Allah a kai shi ne babu wanda ya taya ni.

Kwana goma ban ji komai ba, har ina yi wa Ilu gori. Ni da Sani muka je aka ɗauke mu hoton fasfo, aka yi mana allurar tafiya. Sai ciwon kai ya fara, irin mai zama a goshi. Zazzaɓi ya biyo, kullum la'asar ya ɗara na jiya kaɗan. Abinci ya fita raina. Ranar da na sa goro a baki na ji kamar ina tauna itace, na san akwai magana. Amma na ɓoye, don lissafina saura mako biyar jirgi ya tashi, ba na son a ce maniyyaci ba shi da lafiya.

Asabe ce ta kama ni. Ta ɗauke kwanon tuwo ta ga ko gefensa ban taɓa ba, ta sa bayan hannunta a wuyana ta ce, "Malam, jikinka kamar murhu."

Na ce, "Ɗokin Makka ne."

Mako na biyu na kwanta sosai, sai gida ya cika da likitoci. Yaya Hansai ta ce bakin mutane ne saboda kujera, ta turare ni da wani abu mai warin ƙona gashi. Wani maƙwabci ya ce shawara ce, aka dafa sassaƙe na sha kwano biyu na amar da uku. Aka yi mini surace da ganyen darbejiya har na ga taurari da rana tsaka. Ilu ya zo da zabirarsa ya kafa mini ƙaho shida a baya, yana tsotsa yana cewa, "Bari in zuƙo daushen nan tun bai yi tsiro ba." Kowannensu da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya saka musu. Amma cikina ya kumbura, in an taɓa sai in yi ƙara. Asabe ta ce wata rana da azahar ta same ni zaune ina yi wa bango cinikin goro, har ina ce masa albarka.

Ranar ta aika aka kira Sani daga ofis. Washegari da asuba ta sa mayafinta ta ce, "Yau asibiti za mu, ko Malam ya yarda ko bai yarda ba." Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Mun isa da sassafe muka tarar layin karɓar kati ya fito har bakin ƙofa. An yi sabon gini mai fenti, amma bencin guda huɗu ne, sauran mutane a ƙasa. Daga layin kati zuwa layin awo, daga layin awo zuwa layin likita. Asabe ta shimfiɗa mini gyalenta a ƙasa na kwanta, tana matsar da ni gaba kaɗan-kaɗan kamar buhu. Sai bayan azahar muka shiga.

Likitan Ba'indiye ne, ɗan siriri mai tabarau, wata sista 'yar kudancin Zariya tana yi masa tafinta. Ya danna cikina, ya duba harshena, ya tambaya ko na ci wani abu ko na sha wani ruwa da ban saba ba.

Na ce, "Tuwo ne kawai da addu'a."

Asabe ta ce, "Sista, ƙarya yake yi. A gafarce ni, Malam." Ta kwashe labarin huhu ta faɗa duka, har da akuya.

Sista ta fara fassarawa, ta kai wurin yayyafa ruwa, ta toshe baki ta fita waje. Muna jin ta a baranda. Ta dawo tana share hawaye ta ƙarasa. Likita ya cire tabarau ya sa aka maimaita masa sau biyu. Shi bai yi dariya ba. Ya tambaya ruwan ina ne. Da aka ce masa rijiyar gefen kwata, sai ya gyaɗa kai ya rubuta. Aka ɗebi jinina, aka ba ni gado. Bayan kwana biyu aka faɗa mini sunan ciwon, taifod. Abin da ya zauna mini a kai kuwa shi ne maganar da ya sa Sista ta faɗa mini sau biyu: "Baba, hanjinka yanzu kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake. Abu mai tauri ya bi ta ciki, zai yage."

Na ce a tambaye shi, to cakulan ɗin fa, gaskiya ne yana ƙara jini?

Ya ce cakulan ba shi da laifi a ciwona, ruwan da na shayar da shi ne ya ɗauko cutar. Ya ce irin wanda ake sayarwa a kanti yawancinsa sukari ne da madara, yana ba mutum ɗan kuzari na ɗan lokaci, in ya yi yawa ya ci haƙora ya tara ƙiba. Ya ce shi ma yakan ci ɗan kaɗan bayan abinci, amma busasshe.

Na ce, "Jirgi fa?"

Ya ce in na bi doka, za a gani.

Mako na uku ina kwance ana ƙara mini ruwa ta hannu, ana ba ni wasu kafso manya da sai na yi salati nake haɗiye su. Ƙorafina a ɗakin nan biyu ne: banɗaki ɗaya ga mutum ashirin, yawancinsu masu ciwon ciki, da kuma shayin safe wanda ko ganyen shayin bai san an yi shi ba. Amma ma'aikatan, wallahi sun yi ƙoƙari. Kuma na yi suna! 'Yan koyon aikin jinya suna zuwa rukuni-rukuni su ga Baba Cakulan. Ni kuma in gyara kwanciya in ba su labari, kullum ina ƙara yawan wanda na ci. Kafin a sallame ni ya kai ashirin da biyar.

Emeka ya zo da lemo a jaka, ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hula. Ya ce, "Baba, da na sani da na bi ka na ƙwace." Na ce ya kwantar da hankalinsa, kayansa lafiyayye ya ba ni, ni na koya masa rashin kunya. Ilu kuwa kullum yana nan bayan la'asar. Ya zauna ya ɓare goro a gabana yana ci a hankali, yana cewa, "Sabo ne, Bazazzagi, ba a ba shi ruwan kwata ba."

Asabe fa? A gindin wani mangwaro da ke bayan tagar ɗakinmu ta tare, tare da sauran masu jinya. Matar da shekara da shekaru iyakarta gidan suna da gidan biki, cikin mako guda ta san ɗakin magani, ta san lokacin zagayen likita, ta san wace sista ce ake roƙo da wadda ake kauce wa. Ita take tafasa ruwan da zan sha. Ita take dama kunu ta tace shi da ƙyalle sau biyu ta ba ni da cokali. Zannuwan da na ɓata, waɗanda ni kaina ba na iya kallo, ita take kwashewa ta wanke da ruwan zafi da wani magani mai cin hannu da Sista ta ba ta.

Mako na huɗu zazzaɓi ya sauka. Jama'a, na ji kamar an sake haihuwata! Na ƙirga, saura kwana goma sha shida jirginmu, kuma shi ne na ƙarshe. Na tashi na fara gwaji. In zagaya gadajen tsakiya sau bakwai, wannan ɗawafi ke nan. In fita baranda in je ƙarshe in dawo, Safa da Marwa. Marasa lafiya suna daga kwance suna ƙirga mini, wani har yana cewa, "Alhaji, ka yi mana addu'a a wurin." A zagaye na huɗu ƙafa takan fara rawa. Na ce wannan aikin kunu ne. Wa ya taɓa jifan Shaiɗan da ƙarfin kunu?

Yunwa kuwa irin wadda ban taɓa sani ba. Na roƙi Ilu ya shigo mini da tsire a cikin zabira, ya ce ko ni bawansa ne ba zai kashe ni ba. Na aika wa Emeka ya kawo mini cakulan busasshe, tunda an ce yana ba da kuzari, ya aiko cewa sai da takardar likita. Sai na dubi maƙwabcin gadona, wani direba da ke jinyar ƙirji, yana da ƙullin soyayyar gyaɗa a ƙarƙashin matashi. Na jira Asabe ta tafi shanya. Na cinye rabin ƙullin nan, ko taunawar kirki ban yi ba don sauri.

Washegari da hantsi na shiga banɗaki na ga jini.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi duka ba. Na tuna gudu-gudu, na tuna an ɗaura mini jini a hannu, jinin Sani ne. Na tuna fuskar likita, wannan karon ba ya buƙatar tafinta. Allah ya taimake ni takardar ba ta yage duka ba, ba a kai ga yanka ni ba. Da na dawo hayyacina Sista ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, likita ya ce in gaya maka babu jirgi. Wata biyu ko kasuwa ba za ka ba."

Na juya fuskata bango. Asabe ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana yi mini fifita kawai.

Sani ya zo ya ce ya bincika, kujera ba ta jiran baɗi. Ko dai a sa sunan wani cikin kwana uku, ko ta tafi babu kowa. Kafin la'asar labari ya zaga dangi. Ƙanena da rabona da shi tun sallar bara ya iso da babbar riga da kwanon fura, yana tambayar jikina da wata irin murya mai taushi. Ilu ya ce, "Ba ni ita mana, in je in roƙa maka hankali."

Suna cikin surutu na dubi taga. Asabe tana gindin mangwaro tana matse zanena. Ta ɗaga shi za ta shanya, sai na ga hannuwanta. Fatar duk ta saɓule, ta yi fari-fari har wuyan hannu. Ta yarfe su, ta hura musu iska, ta sunkuya ta ɗauki wani zanen.

Na ce, "Sani, je ka kira uwarka."

Ta shigo tana goge hannu a gefen zani. Na ce, "Asabe, gobe za a kai ki a ɗauke ki hoto."

"Hoton me, Malam?"

"Na fasfo. Ke za ki hau kujerar."

Ta dubi Sani, ta dube ni, ta sa hannu a wuyana ta ji ko zazzaɓin ne ya dawo. Ta ce, "Malam, ba na son irin wasan nan naka."

"Na taɓa yi miki wasa?"

Ɗakin gaba ɗaya aka yi dariya, har direba mai gyaɗa. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Wa zai dama maka kunu?"

Na ce Yaya Hansai tana nan, in ta turare ni na mutu ai na huta. Sai Asabe ta zauna a ƙasa gefen gado ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna motsi. Ƙanena ya ɗauki hularsa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Furar ma da ita ya tafi.

Sani ya yi ta zirga-zirga, takardu suka fito ana saura kwana biyu. Ya kawo mini hoton na gani. Hotonta na farko a duniya, ta zaro ido kamar an ce mata kada ta yi numfashi. Na sa shi a ƙarƙashin matashi. Ranar tafiya ta zo sallama da fararen kaya, ta bar wa Yaya Hansai ƙyallen tace kunu da dokoki sun fi na likita yawa.

An sallame ni ana saura mako guda babbar salla. Ranar Arfa ina kwance a zaure da rediyon Sani a kan ƙirjina, ina jin talbiyar mutane kamar ruwan sama a kan kwano. Na kasa kunne ko zan tsinci muryarta. Ilu ya ce, "Cikin mutanen duniya duka?" Na ce, "Kai dai yi shiru, Bakano, na san tarinta."

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Cakulan yana da daɗi, ban janye ba, kuma in likita ya sake ni zan koma masa. Amma ku bar shi cikin takardarsa, ku ci kaɗan, ku kurkure baki. Ruwan da ba za ku sha ba kada ku zuba shi a kan abin da za ku ci. Zazzaɓin da yake hawa kullum la'asar ba na ƙaho ba ne, ku tafi asibiti tun kuna iya tafiya da ƙafarku. In likita ya tambaya ku faɗi gaskiya, ko ku tafi da wadda za ta faɗa. In kuma akuya ta ƙi abu, ku bi bayanta.

Asabe da Sani sun dawo da rana tsaka, mota ta tsaya a ƙofar gida, unguwa ta cika da guɗa. Ta sauko ta yi murmushi, sai ga haƙorin Makka yana walƙiya. Ni ne na fara cewa, "Sannu da zuwa, Hajiya." Na ji sunan ya zauna a kunne fiye da yadda nawa ya zauna ranar da na rufe ƙofa.

Da jama'a suka ragu ta jawo jakarta ta zauna kusa da tabarmata. Ta ba ni zamzam na sha. Ta ba ni carbi, da hula, da dabino ta ce sai na tambayi likita. Can ƙasan jaka ta zaro wani abu naɗe cikin ɗankwali. Cakulan ne, babba, cikin takardarsa ta zinariya, a Jidda ta saya. Zafin hanya ya ɗan lanƙwasa shi.

Na miƙa hannu. Ta janye, ta buɗe akwatinta ta saka shi ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

"Sai wata biyun ta cika," in ji ta. "Kuma ni zan ajiye shi, don ina ganin girmansa. Shekara talatin da biyar ina gidanka, Malam, ko Kano ba ka taɓa kai ni ba. Shi kuwa kwana arba'in kawai ya yi a hannunka ya kai ni Makka."